Waƙar Tsakar Dare a Kurkukun Filibi: Daga Ina Yabon Mai Wahala Yake Fitowa?

Duk wanda ya taɓa kwana a coci wajen addu'ar dare ya ji wannan magana daga bakin mai jagorar waƙa: yabo makami ne, ku ɗaga murya, sarƙoƙi za su tsinke, ƙofofi za su buɗe. Sai ganga ta ɗauka, 'yan Zumuntar Mata su amsa, wuri ya kacame da tafi. Ayar da ake kafa hujja da ita kusan kullum ɗaya ce, wato Ayyukan Manzanni sura 16, inda Bulus da Sila suka yi waƙa a kurkuku har ƙasa ta girgiza. Maganar tana da daɗin ji, akwai kuma ƙwayar gaskiya a cikinta. Sai dai a ganina ta ɗauki labarin a baibai, ta mai da yabo kuɗin sayen mafita. Matar da ta yi waƙa har muryarta ta dishe, amma ɗanta bai dawo daga hannun masu garkuwa ba, za ta koma gida da kaya biyu a kanta: rashin ɗa, da zargin cewa ƙila yabon nata ne bai kai ba. Shi ya sa ya kamata a koma kan nassin a bi shi daki-daki.

Filibi birni ne na dā a Makidoniya, a arewacin ƙasar Girka ta yau. Sunan Sarki Filibus na biyu, mahaifin Iskandari Mai Girma, aka sa masa. Bayan yaƙin da aka gwabza kusa da shi a shekara ta 42 kafin haihuwar Almasihu, sai Roma ta zaunar da tsofaffin sojojinta a can, mutanen garin suka riƙa tunƙaho da cewa su Romawa ne, dokar Roma ce ke aiki a kansu. Bulus ya isa can wajen shekara ta 49 ko 50, a tafiyarsa ta biyu ta wa'azin bishara, bayan wahayin da ya gani a Taruwasa na wani mutumin Makidoniya yana roƙonsa ya ƙetaro ya taimake su. A riƙe wannan da kyau: kiran Allah ne ya kai shi garin da aka yi masa dukan kawo wuƙa.

Ranar Asabar suka fita bakin kogi inda mata ke taruwa yin addu'a. A nan Lidiya, 'yar kasuwa mutuniyar Tayatira mai sayar da tufafi masu jan shuni, ta ba da gaskiya ta sauke su a gidanta. Rigima ta taso ne daga wata kuyanga mai aljanin duba, wadda iyayengijinta ke samun kuɗi masu yawa ta kanta. Bulus ya fitar da aljanin, sana'a ta mutu. Da masu kuyangar suka ja su gaban mahukunta, ba su ce an kashe mana hanyar abinci ba. Cewa suka yi waɗannan Yahudawa ne, suna ta da hankalin gari, suna koyar da al'adun da bai halatta ga Romawa ba. Wanda ya san yadda rikicin kasuwa ke sa rigar addini a garuruwanmu ba ya bukatar ƙarin bayani. Ba bincike, ba shari'a, aka tuɓe su aka yi musu dukan sanduna, aka jefa su can lungun kurkuku, yari ya sa ƙafafunsu a turu. Da tsakar dare, in ji Luka marubucin Ayyukan Manzanni, suna addu'a suna waƙoƙin yabon Allah, sauran 'yan sarƙa suna sauraro. Kwatsam ƙasa ta girgiza, ƙofofi suka buɗe, sarƙar kowa ta kwance.

A nan masu wa'azi da yawa suke rufe Littafi su ce a tashi a yi rawa. Da sun ƙara karanta aya uku, da sun ga abin da ya rushe fassararsu: Bulus da Sila ba su fita ba. Ƙofa a buɗe, ƙafa a sake, dare ya tsala, amma suna zaune. Yari ya farka ya ga ƙofofi a buɗe, ya zare takobi zai kashe kansa, domin mai gadin da ɗan sarƙa ya tsere masa, da ransa yake biya, kamar yadda Hirudus ya sa aka kashe masu gadin Bitrus a sura 12. Bulus ya ɗaga murya ya ce kada ya cuci kansa, dukansu suna nan. Mutumin da ya yi waƙa don ƙofa ta buɗe ba ya zama bayan ta buɗe. Nassin ma bai ce sun roƙi girgizar ƙasa ba, bai kuma ce sun san tana tafe ba. A lokacin da suke waƙar, abin da suka sani shi ne bayansu na zubar da jini, ƙafafunsu na cikin turu, gobe kuma ba tabbas.

Sauran littafin ma bai goyi bayan a mai da abin lissafi ba. A sura 12 ɗin nan, mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku, amma a farkon surar Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi. Ikkilisiya ɗaya, sarki ɗaya, lokaci ɗaya. Wa zai iya buɗe baki ya ce Yakubu bai iya yabo ba? Shi kansa Bulus daga baya ya yi shekara 2 a tsare a Kaisariya, ya ƙara 2 a tsare a Roma, ƙasa ba ta ko motsa ba, kuma labarin da ikkilisiya ta gada shi ne a Roma aka kashe shi a zamanin Sarki Nero. Daga cikin sarƙa ya rubuta wa waɗannan Filibiyawan cewa su yi farin ciki da Ubangiji kullum, har ya maimaita. Gaskiya ne akwai labarin Sarki Yehoshafat a 2 Tarihi sura 20, wanda ya sa mawaƙa a gaban mayaƙa, maƙiya suka karkashe juna. Ba na musun cewa Allah yakan kuɓutar a tsakiyar yabo. Amma ko a can, alkawarin ceto ne ya riga zuwa ta bakin Yahaziyel, waƙa ta biyo baya. Abokan Daniyel uku kuwa sun faɗa wa Nebukadnezzar magana mai baki biyu: Allahnmu yana da ikon cetonmu daga tanderun wuta, amma ko da bai cece mu ba, ba za mu yi wa gunkinka sujada ba.

To in ba neman mafita ba ne ya sa su waƙa, mene ne? Amsar tana cikin wata tambaya da ta ratsa Littafi Mai Tsarki daga Fitowa har zuwa wasiƙun manzanni: a ina Allah yake zaune?

Ga Ba'isra'ile na dā, tambayar tana da amsa da za a iya nunawa da yatsa. A jeji Allah ya ce wa Musa su yi masa wuri mai tsarki domin ya zauna a tsakiyarsu, aka kafa alfarwa ta sujada, girgije ya rufe ta, ɗaukakar Ubangiji ta cika ta har Musa ya kasa shiga. Sulemanu ya gina Haikali a Urushalima, abin ya sake faruwa. A can ciki akwai Wuri Mafi Tsarki, bayan labule, inda akwatin alkawari yake, babban firist kaɗai ke shiga, shi ma sau ɗaya a shekara, ranar kafara. Ba wai sun ɗauka an kulle Allah a ɗaki ba ne. Sulemanu da bakinsa, ranar keɓe Haikalin, ya ce sammai ma ba su isa su ɗauke shi ba, balle wannan gida. Amma in mutum yana son ya kusaci Allah, ya san hanyar da zai kama, ya san ƙofar da zai shiga.

Sai shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu ta zo. Rundunar Babila ta rushe Urushalima, ta ƙone Haikali, ta kwashi mutane zuwa bauta. Ba gini kaɗai suka rasa ba, sun rasa wurin da suka san ana saduwa da Allah. Zabura 137 ta nuna su zaune a bakin kogunan Babila suna kuka, sun rataye garayunsu a bishiyoyi, waɗanda suka kama su suna cewa ku rera mana waƙar Sihiyona, su kuwa suna tambaya yaya za su rera waƙar Ubangiji a baƙuwar ƙasa. A ajiye wannan zabura kusa da Ayyukan Manzanni 16. Can bayi sun kasa waƙa a ƙasar arna, nan 'yan sarƙa suna waƙa a kurkukun arna. Abin da ya shiga tsakanin waɗannan darare biyu shi ne zuciyar maganar.

Farkon amsar ya zo ta bakin Ezekiyel, firist ne da aka kwashe tun zagayen farko, a shekara ta 597. A bakin kogin Kebar, a tsakiyar ƙasar Babila, ya ga wahayin kursiyin Allah, kuma kursiyin yana da ƙafafu irin na karusa masu tafiya ta kowace fuska. Daga baya ya ga ɗaukakar Ubangiji ta tashi daga Haikali tun kafin a rushe shi. A sura 11 Allah ya ce shi da kansa zai zama musu wuri mai tsarki a ƙasashen da aka warwatsa su, a sura 36 kuma ya ƙara gaba: zai ba su sabuwar zuciya, ya sa Ruhunsa a cikinsu. Irmiya ya yi magana mai kama da wannan, ta sabon alkawari da za a rubuta a zuciya. An sake gina Haikali bayan dawowa daga bauta, amma alkawarin ya riga ya wuce duwatsu.

Bangaskiyar Kirista ita ce wannan alkawari ya cika ta wurin Yesu Almasihu. Ya gaya wa matar Samariya a bakin rijiya cewa lokaci na zuwa da ba a kan dutsensu ba, ba kuma a Urushalima ba za a yi wa Uba sujada, sai dai cikin ruhu da gaskiya. A daren da aka bashe shi, ya yi wa almajiransa alkawarin wani Mai Taimako, Ruhun gaskiya, wanda zai kasance a cikinsu har abada, ya ce wanda yake ƙaunarsa, shi da Uba za su zo su zauna tare da shi. Da ya mutu a kan gicciye, labulen Haikali ya tsage daga sama har ƙasa. Ranar Fentikos Ruhun ya sauko. Shi ya sa Bulus ya iya tambayar Korantiyawa ko ba su san su haikalin Allah ne ba. A sura 3 ta wasiƙar farko jama'ar masu bi gaba ɗaya yake nufi, a sura 6 kuma jikin kowane mai bi. Ya rubuta wannan ne tun Haikalin Urushalima na tsaye ana miƙa hadayu a ciki. Da Romawa suka rushe shi a shekara ta 70, bangaskiyar masu bin Almasihu ba ta rushe tare da shi ba.

Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. Yadda wasu ke magana a kan Ruhu Mai Tsarki, sai ka ɗauka baƙo ne da yake leƙowa in kiɗa ya yi daɗi, ya tashi in an rufe taro. Sabon Alkawari a matsayin mai gida ya nuna shi. Saboda haka babu bukatar Bulus da Sila su jawo Allah cikin kurkuku da muryoyinsu. Tare da shi aka shigar da su. Yari ya kulle haikalin Allah a lungun kurkuku bai sani ba, abin da ake yi a haikali kuwa shi ne sujada.

Akwai wurare biyu da ake yawan zamewa a wannan koyarwa. Na farko, maƙwabcinmu Musulmi yakan ji ana cewa Allah yana zaune a cikina, ya ce subhanallahi, yaya Mahalicci zai shiga cikin halitta? Tambaya ce mai ma'ana, kuma Kirista da yawa ba su iya amsa ta. Koyarwar ba ta ce mutum ya zama Allah ba, ba ta ce wani yanki na zatin Allah ya gutsuro ya shige ƙirjin mutum ba, ba ta kuma ce jiki ya ƙunshe shi ba. Allah yana ko'ina, wannan bai canja ba. Abin da ake nufi shi ne zumunci na musamman, inda Ruhun Allah yake aiki daga cikin mai bi, yana tabbatar masa shi ɗan Allah ne, yana tsawata masa a kan zunubi, yana ƙarfafa shi. Mutum yana nan a mutuminsa, mai rauni, mai mutuwa. Bulus ya kira mu tukwanen ƙasa da aka zuba dukiya a ciki, domin a san ikon na Allah ne.

Zamewa ta biyu ta fi cin mutane a cikin coci: haɗa kasancewar Allah da jin kasancewarsa. Tsigar jiki ta tashi, hawaye ya zubo, sai a ce Allah ya sauko. Ranar da zuciya ta bushe ƙamas, sai a ce ya tafi. Wahala kuwa abin da ta fi saurin kashewa ke nan, wannan ɗanɗanon. Mai zazzaɓi ba ya jin daɗin addu'a, wadda ta binne mijinta makon jiya ba ta jin komai sai nauyi. Wasiƙun Uwa Teresa ta Kalkata da aka buga a 2007, shekara 10 bayan rasuwarta, sun nuna ta shafe shekaru masu yawa ba ta jin kusancin Allah ko kaɗan, tana kuma ci gaba da addu'a da hidimar matalauta. Romawa sura 8 ta san da irin wannan hali. Ta ce ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba, amma Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa. Wato a ranar da baki ya kasa, addu'a ba ta tsaya ba.

Daga nan za a gane cewa yabo cikin wahala ba ya nufin hana kuka. Zabura guda 150 ce, kusan kashi ɗaya cikin uku kuka ne da ƙorafi, kuma wannan shi ne littafin waƙoƙin da Yesu da Bulus suka tashi da shi. Har yaushe, ya Ubangiji? Don me ka ɓoye fuskarka? Zabura 88 ta fara cikin duhu ta ƙare cikin duhu, babu juyowa zuwa murna a ƙarshe, aka kuma bar ta a cikin Littafi. Ayuba ya yabi sunan Ubangiji da ya bayar ya kuma karɓe, amma sai da ya kece rigarsa ya aske kansa ya faɗi ƙasa, kuma bayan sura biyu ya la'anci ranar da aka haife shi. Abokansa da suka zo da bayanai masu tsari su ne Allah ya tsawata wa a ƙarshe. Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru, a kan gicciye kuma farkon Zabura 22 ya ɗaga murya da shi, yana tambayar Allahnsa don me ya yashe shi. Bulus ɗin nan mai waƙar tsakar dare ya gaya wa Korantiyawa cewa a Asiya wahala ta fi ƙarfinsu har suka fid da rai. Don haka dattijon da ya shiga gidan makoki ya ce wa gwauruwa "Mama, daina kuka, Kirista ba ya kuka, ki yi yabo kawai", ya ɗora mata dokar da Littafi bai ɗora ba. Kuka a gaban Allah da yabonsa daga tushe ɗaya suke fitowa, domin ba a kai ƙara wurin wanda aka yi imani ba ya nan.

Ga masu bi a arewacin Nijeriya wannan ba darasin makarantar tauhidi ba ne kawai. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, ta fara ne da sujada a gindin tsamiya a Garkida a 1923, ba rufi ba bango. A watan Afrilun 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, akasarinsu 'ya'yan wannan ikkilisiya. A watan Oktoba na shekarar Boko Haram ta mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni suka koma Jos na ɗan lokaci, majami'u masu yawa suka zama toka, mutane suka watsu zuwa sansanonin 'yan gudun hijira a Yola da Abuja da Kamaru. A waɗannan sansanoni aka ci gaba da taruwa ranar Lahadi, aka ci gaba da waƙa, tun kafin kowa ya san ko za a koma gida. A farkon Janairun 2020 kuma aka sace Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, CAN, a Michika. A bidiyon da waɗanda suka kama shi suka fitar, ya roƙi a yi ƙoƙarin ceto shi, ya kuma ce bai karaya ba domin duk halin da mutum ya sami kansa yana hannun Allah. Kafin watan ya ƙare aka kashe shi. Wanda tauhidinsa ya tsaya a kan cewa yabo ke buɗe ƙofa ba shi da abin da zai gaya wa iyalin wannan bawan Allah.

Saura abu guda da labarin Filibi ya nuna da safe, wanda ba a cika wa'azinsa ba. Cikin daren yari ya wanke musu raunuka, aka yi masa baftisma da mutanen gidansa, ya kawo musu abinci. Da gari ya waye mahukunta suka aiko 'yan doka a sake su a ɓoye. Bulus ya ce ina, ba haka za a yi ba. An doke mu a bainar jama'a ba tare da shari'a ba, alhali mu 'yan ƙasar Roma ne, yanzu kuma za a fitar da mu a asirce? Su zo da kansu su fitar da mu. Dokar Roma ta hana a yi wa ɗan ƙasa irin wannan duka, saboda haka mahukuntan suka tsorata, suka zo suka ba su haƙuri. Bakin da ya yi waƙa da dare shi ne ya nemi haƙƙinsa da safe, kuma bai ga saɓani tsakanin biyun ba. Ƙila ƙaramar ikkilisiyar da zai bari a garin yake karewa, don kada gobe a taɓa ta a ce ai shugabanninta masu laifi ne. Ko ma mene ne dalilinsa, wanda yake amfani da "ku dai yi yabo" don ya hana wanda aka zalunta zuwa kotu, ko ya hana jama'a tambayar hukuma ina tsaron da aka yi musu alkawari, ba daga Bulus ya koya ba. Ciwon ma bai manta da shi ba. A wasiƙarsa ta farko zuwa ga Tasalonikawa ya ambaci wahala da wulakancin da aka yi musu a Filibi, ya kuma lissafta wa Korantiyawa cewa sau 3 aka yi masa dukan sanduna.

Duk da haƙurin da aka ba su, mahukuntan sun roƙe su su bar garin. Suka biya ta gidan Lidiya suka ƙarfafa 'yan'uwa, suka kama hanya ta Amfibolis da Aboloniya zuwa Tasalonika. A can ma ba a daɗe ba tarzoma ta tashi, aka ja mai masaukinsu Yason gaban mahukunta, sai da aka karɓi beli a hannunsa, 'yan'uwa kuma suka fitar da Bulus da Sila da dare zuwa Biriya.